Yadda za ka kalli Sikotlan a wasannin almarar kimiyya na talabijin, ka rarrabe ta gida da ta aro

Ranar 23 ga Agustan 2014 BBC ta nuna kashin farko na sabon zangon Doctor Who, wasan nan na wani baƙo daga wata duniya da ake kira Dakta, wanda ke yawo cikin zamanai, kuma in ajali ya taso masa sai jikinsa ya sake sabo, wani ɗan wasa ya karɓi rawar. A wannan karon Peter Capaldi ne, haifaffen Glasgow. Akwai wani wuri a kashin da Dakta ke tsaye a wani lungu na Landan ta zamanin Sarauniya Victoria, da rigar barci a jikinsa, sanyi na kaɗa shi, ga wani tsoho mai kwana a titi yana kallonsa a tsorace. Dakta ya tsinci madubi ya duba sabuwar fuskarsa, ya ce girar nan tasa ta yi fushi da sauran fuskar, tana neman ɓallewa ta kafa ƙasarta ta gira zalla. Sai kuma ya ji muryar kansa, ya gane ashe ya zama ɗan Sikotlan. Kwana 26 bayan haka, ranar 18 ga Satumba, mutanen Sikotlan suka fita ƙuri'ar raba gardama kan ko su fice daga Birtaniya. Kashi 55 cikin ɗari suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a rabu.

Wanda bai san da ƙuri'ar ba, barkwanci kawai zai gani ya wuce. Wanda ya sani kuwa zai ga wata al'umma tana tattauna makomarta ta bakin jarumin da ya fi kowane shahara a talabijin ɗin Birtaniya. Wannan kallo na biyu nake so mai karatu ya iya, ko ɗalibi ne mai aikin rubutu, ko mai sharhin fim, ko mai kallo don jin daɗi.

Ka fara da ɗan tarihi, gwargwadon abin da zai riƙe ka

Shekaru shida sun isa, ka rubuta su a shafin farko na littafinka. A 1707 majalisar Sikotlan da ta Ingila suka haɗe aka sami Birtaniya. A 1746 aka yi yaƙin Culloden kusa da Inverness, inda sojojin gwamnati suka murƙushe mayaƙan da ke son mayar da gidan sarautar Stuart, akasarinsu daga zuri'o'in yankin tsaunuka na arewa. Bayan yaƙin aka hana maza sa kayan gargajiyar tsaunuka, dokar ba ta faɗi ba sai 1782. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh ya sa kilt da kansa, wato bujen nan na maza mai ninki-ninki da zanen gidan dara, kuma daga nan tufar da aka haramta ta koma alamar ƙasar baki ɗaya, har ga mutanen kudu da kakanninsu ba su taɓa ɗaura ta ba. A 1975 man Tekun Arewa ya fara isowa gaɓa. A 1999 Sikotlan ta sake samun majalisarta a Edinburgh. Ta shida ita ce 2014.

Ka kuma riƙe cewa harsuna uku ne a ƙasar: Turanci, da Scots wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, da Gaelic wanda ba su haɗa uwa da Turanci ba, masu magana da shi kuma ba su kai dubu ɗari ba a cikin mutum fiye da miliyan biyar.

Ka zaɓi abin kallo kaɗan, ka jera shi bisa shekara

Kada ka ce sai ka kalli komai, Doctor Who kaɗai tun Nuwamban 1963 ake yinsa. Ga abin da zai ishe ka: daga Doctor Who, kashin ƙarshe na The War Games na 1969, da Terror of the Zygons na 1975, da Tooth and Claw na 2006, da The Eleventh Hour da The Beast Below na 2010, da Deep Breath na 2014, da The Eaters of Light na 2017. Daga Star Trek, kowane kashi na asali da injiniya Scotty ya yi fice a ciki, da Sub Rosa na 1994. Sai zangon farko na The Rig na 2023. In kuɗin data ya yi maka nauyi, tashar Doctor Who ta YouTube tana da guntaye da yawa, za su ɗauke ka ka fara.

Ka bi su daga tsoho zuwa sabo, don a haka ne za ka ga inda murya ta sauya hannu. Ka ja layi huɗu a takarda ga kowane kashi: abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, shekarar da aka nuna shi, da waɗanda suka yi shi.

Ka ƙirga kayan ado, sannan ka cire su ka ga me ya rage

Wannan ne mataki mafi sauƙi, shi ya sa masu sharhi da yawa suke tsayawa a nan. Da zarar an ce Sikotlan a allo za ka ga kilt, da algaitar salka da ake matsewa a hammata, da hazo a kan tsauni, da tsohuwar fada, da barasar wiski, da dodon tafkin Loch Ness. Masu nazarin al'adun ƙasar sun daɗe da ware tsofaffin siffofi uku da ake yawan zuba ta a ciki: ta tsaunuka da jarumai masu takobi, ta ƙaramin ƙauye mai coci da gulma da kowa ya san kowa, da ta ma'aikacin tashar ƙera jiragen ruwa a kogin Clyde, mai taurin kai da ƙarfin damtse. Duk kashin da ka kalla, ka tambayi kanka wace ce a cikin ukun aka ɗauko.

Terror of the Zygons ya kwashi ta farko har da ƙari. Tom Baker, Daktan wancan lokaci, ya shigo da hular gargajiya da mayafin gidan dara, Birgediya, hafsan soja abokin Dakta, ya ɗaura kilt, mai masauki yana busa algaita ba ji ba gani, ga mai sarautar gargajiya a fadarsa, dodon tafkin kuma ashe dabbar baƙin wata duniya ce da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Sub Rosa ya fi haka nisa: wata duniya ce can a sararin samaniya da aka gina ta ta yi kama da tsaunukan Sikotlan, aka cika ta da hazo da maƙabarta da fatalwa. Scotty kuwa ɗan siffa ta uku ne, injiniyan da ke ƙaunar injinsa kamar ɗan cikinsa. Akwai tushe a nan, ƙasar James Watt ce, gwanin injin tururi, kuma jiragen Clyde sun ratsa tekunan duniya, sai dai tushe daban, ramin da aka tura mutum ciki aka rufe daban.

Gwajin shi ne ka cire kayan a zuci. In ka tuɓe wa labari kilt da algaita ka ga za a iya mayar da shi kowane ƙauye a Ingila ba abin da ya girgiza, to Sikotlan fenti ce kawai a ciki. In kuwa labarin ya rushe, to ta shiga ƙashinsa. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasu finafinan Kudu ke sa wa ɗan wasa hula da carbi, a ba shi aikin gadi da gurɓatacciyar Hausa a ce ga mutumin Arewa, ya san ɗacin a mayar da al'umma sutura.

Ka rufe ido ka saurara

A nan zan fi daɗewa, don a ganina harshe ne ainihin filin da ake wannan kokawa. Ka kunna rubutun ƙasan allo don ka fahimci magana, amma ka sani sau da yawa yana baje lafazi ya mayar da shi Turancin makaranta. Ka maimaita wuri ɗaya sau biyu, na biyun ba tare da kallon allo ba. Ka kasa kunne ga harafin ra da ake kaɗawa, da kalmomi irin su aye a madadin e, wee a madadin ƙarami, lass a madadin yarinya. Sai ka yi tambaya biyu: bakin wa lafazin ya fito, kuma me aka ba shi ya faɗa da shi?

James Doohan da ya fito a Scotty tun 1966 ɗan Kanada ne, haifaffen Vancouver, lafazin aro ya yi. Simon Pegg da ya gaje shi a finafinan da suka fara a 2009 Bature ne na Ingila. Sai a 2023, a Strange New Worlds, wani sabon reshen Star Trek, aka ba Martin Quinn na Paisley a Sikotlan rawar, bayan shekara 57 ana jin injiniyan Sikotlan mafi shahara a duniya da muryar da ba ta gida ba. Frazer Hines, wanda ya fito a Jamie McCrimmon mai busa algaita, abokin tafiyar Dakta, daga 1966 zuwa 1969, shi ma ɗan Yorkshire ne a Ingila.

Yanzu ka juya kwabon. David Tennant haifaffen Bathgate ne, ɗan Sikotlan gaba da baya, amma da ya zama Dakta a 2005 sai ya ajiye lafazinsa ya ɗauki na kudancin Ingila. Dubi abin da hakan ke nufi: ɗan wata ƙasa yana iya aron muryar Sikotlan ya zama mataimaki a ɗakin inji, ɗan ƙasar kuwa da zai zama shugaban labari sai ya bar tasa a ƙofa. A Tooth and Claw ka natsu sosai. Dakta da abokiyar tafiyarsa Rose sun sauka a tsaunuka a 1879, sojojin rakiyar Sarauniya Victoria suka ɗora musu bindiga. Nan take Dakta ya koma lafazin Sikotlan, ya ce sunansa James McCrimmon. Ɗan Sikotlan ne ke wasan mai lafazin Ingila da ke kwaikwayon ɗan Sikotlan, wato muryarsa ta gaskiya ce aka mayar abin ɓad da kama. Rose ta gwada nata kwaikwayon irin na ba'a, ya ce mata ta daina. Daga baya da rikici ya yi zafi ya manta ya koma Turancin Ingila, Sarauniya kuma ta lura. Wannan ɗan wuri ya fi dogon sharhi koyarwa.

Sylvester McCoy na Dunoon ya riga su, daga 1987 zuwa 1989 yana kaɗa ra yadda yake so, amma labarin bai tsaya a kan hakan ba. Abin ya sauya ne a 2010. Amy Pond, wadda Karen Gillan ta Inverness ta fito a matsayinta, yarinya ce 'yar Sikotlan da ta tashi a wani ƙauyen Ingila ba ta saki lafazinta ba. Dakta ya kafa hujja da wannan riƙo nata cewa ba ta taɓa jin nan gida ne ba, don haka za ta bi shi. A karon farko lafazi ya zama hali, ya zama kaɗaici da taurin zuciya, ba abin dariya ba. Amma kada ka yi saurin yabo: a kashin nan ɗaya Dakta ya tsokane ta da cewa tunda 'yar Sikotlan ce ta soya masa wani abu, tsohuwar ba'ar da ake yi musu kan son soye-soye. Ka rubuta duka biyun a layinka.

Ka ɗora kowane kashi a kan shekararsa

Koma kan Terror of the Zygons, wannan karon ka manta da algaita. Me dodon yake farfasawa? Dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa. An nuna shi a ƙarshen Agusta da Satumban 1975, shekarar da man ya fara isowa gaɓa, kuma ƙasa da shekara guda bayan jam'iyyar SNP mai neman 'yancin kai ta ci kujeru 11 a zaɓen Oktoban 1974 da kirarin cewa man na Sikotlan ne. Labarin bai taɓa tambayar mai na wa ba. Sannan ka lura da inda ya ƙare: dodon ya bar tafki ya ɓulla a kogin Thames, a tsakiyar Landan, wurin wani taron makamashi. An fara tashin hankali a arewa, amma sai da ya iso babban birni ya zama abin ɗaga hankalin duniya.

Sai ka ajiye The Rig kusa da shi. Teku ɗaya ce, mai ɗaya ne, shekara 48 a tsakani. Hazo ya rufe dandamalin Kinloch Bravo, sadarwa ta yanke, wata daɗaɗɗiyar halitta ta motsa daga ƙarƙashin teku. Ba kilt, ba fada. Abin da ke cin ma'aikatan tun kafin halittar ta bayyana shi ne maganar rufe dandamali da rasa abin yi, da kamfanin da ke yanke hukunci daga nesa. Iain Glen da Martin Compston suna magana da muryoyinsu na gida. Mai kallo a Aberdeen, birnin man Sikotlan, yana kallon wannan ne da tunanin Piper Alpha, dandamalin da ya kama da wuta a Yulin 1988 mutum 167 suka mutu. A nan in ka cire Sikotlan labarin ya zube.

The Beast Below ma a wannan ma'auni za ka sa shi. Duniya ta ƙone, Birtaniya duka ta hau wani katafaren jirgin sararin samaniya. Amy ta tambayi wata yarinya ina Sikotlan, aka ce mata ai su sun nemi jirginsu daban, ta ji daɗi. An nuna wannan a Afrilun 2010, SNP na mulki a Edinburgh tun 2007, ƙuri'ar raba gardama kuma saura shekara huɗu. Almarar kimiyya tana da wannan damar da sauran wasanni ba su da ita: tana iya tsallakawa shekara dubu ta gaya maka ko marubuci yana ganin al'umma za ta ɗore, kuma da wa za ta ɗore.

Ka karanta sunayen ƙarshe, ka bincika inda aka kafa kyamara

Mataki gajere ne amma yana warware gardama da yawa. Tsaunukan Terror of the Zygons a Sussex ta kudancin Ingila aka ɗauke su. Na Tooth and Claw a Wales. The Nightmare Man na 1981, da aka ce tsibirin Sikotlan ne, a Cornwall ta Ingila aka yi shi. The Omega Factor na 1979 kuwa BBC ta Sikotlan ce ta yi shi a Edinburgh, The Rig kuma a wani sutudiyo a unguwar Leith ta Edinburgh. Barkwancin gira da na jirgin daban duk daga alƙalamin Steven Moffat na Paisley suka fito, wanda ya ja ragamar Doctor Who daga 2010 zuwa 2017. Tsokanar ɗan gida daban take da ta baƙo, kamar wasan taubashi ne. Duk da haka ban yarda cewa takardar haihuwa tana wanke marubuci ba. Ɗan gida ma yana iya sayar da tsohuwar siffa don ya san ita kasuwa ke so.

Ka duba wa aka bari ya tuna, wa aka mayar wanda aka zalunta

Wasannin tafiya cikin zamani suna son komawa Culloden. A can aka fara ganin Jamie, a The Highlanders, wanda hotunansa suka ɓace daga ma'ajiyar BBC sai sauti da ya rage. Ya yi shekara kusan uku yana yawo da Dakta, saurayin ƙarni na 18 da ya ga jiragen sama da mutanen ƙarfe, ya koyi abubuwan da ba wanda ya zaci zai iya. A ƙarshen The War Games sai manyan ƙabilar Dakta suka goge masa duk wannan daga ƙwaƙwalwa, suka bar masa haɗuwar farko kawai, suka mayar da shi filin da aka ɗauko shi. Ya farka, wani soja mai jar riga ya harbe shi bai samu ba, Jamie ya zare takobi ya bi shi da gudu. Duk lokacin da na kalli wurin nan sai zuciyata ta yi nauyi. An nuna wa ɗan tsauni gobe, sannan aka ƙwace ta aka mayar da shi yaƙin da an riga an ci su. Wannan Jamie ɗin ne ya ba marubuciya Diana Gabaldon tunanin jarumin littafinta Outlander, wanda aka fara nuna wasansa a 2014, shi ma yana juyawa ne a kan wannan rauni.

Sai dai ka yi hattara da labarin da ke nuna Sikotlan a matsayin wadda aka danne kawai. 'Yan Sikotlan sun yi aikin daular Birtaniya da hannu biyu, sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan da masu leƙen hanya. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya kuma rasu a can a 1827, mutumin Annan ne a kudancin Sikotlan. Da wuya ka ga wannan ɓangaren a allo. The Eaters of Light, na Rona Munro 'yar Aberdeen, ya ɗan fi ƙarfin hali. Ya koma ƙarni na biyu, ya haɗa samarin Pict, mutanen arewacin Sikotlan na dā, da aka kashe musu iyaye da ragowar sojojin Rum da suka zo cin ƙasarsu, ya bar wata yarinya ta faɗa wa mamaya gaskiya a fuska, sannan ya nuna su ma sojojin yara ne da aka kwaso daga sassan daula. Ka lura ko labari ya bar ɓangarorin biyu su zama mutane.

Ka gwada ma'auninka a kan Ncuti Gatwa

An haife shi a Ruwanda a 1992, iyayensa suka gudu da shi a 1994 lokacin kisan kiyashi, ya tashi a Edinburgh da Dunfermline, ya yi karatun wasan kwaikwayo a Glasgow. Shi ne Dakta daga 2023 zuwa 2025, ɗan Sikotlan na huɗu da ya riƙe babbar rawar. A kashin Kirsimetin 2023 an nuna shi yana rawa a gidan rawa da kilt a jikinsa. Ka ɗauko layukanka huɗu ka cika su a kan wannan wuri. Ido ya ga tufar da aka haramta a 1746 a jikin baƙar fata ɗan gudun hijira. Kunne ya ji murya mai gauraye, wadda ba ta Glasgow ba ce zalla, ba kuma ta Landan ba. Kashin ya zo bayan Humza Yousaf, Musulmi ɗan asalin Pakistan ta wajen uba, ya zama Ministan Farko na Sikotlan a Maris ɗin 2023. Mai jan ragamar shirin a lokacin kuwa Russell T Davies ne na Wales, mutumin da a zamaninsa na farko Tennant ya ajiye lafazinsa.

In za ka rubuta sharhi, ka ɗauki wurare biyu kacal ka gwama su, kada ka zuba duk abin da ka tara. Wannan rawa ta 2023 da gudun Jamie da takobi a 1969 sun isa maƙala guda, tunda tufa ɗaya ce a jikin mutum biyu. Ka fara da bayyana abin da ke kan allo dalla-dalla, minti nawa ne, wa ke tsaye a ina, me aka ji, kafin ka faɗi ra'ayinka ko ɗaya.